Filin Tambaya da Amsa: Likita a Birni, Mara Lafiya a Ƙauye

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: duba mara lafiya daga nesa, wato majo (babban ma'aikacin jinya mai riƙe gidan likita) ko ungozoma su tura bayanin mara lafiya ta salula, likita a asibitin gunduma ko a Damagaram ya karanta ya ba da shawara. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita su. Ma'aikatan lafiyar da suka saba riƙe wannan fili ne suka amsa, wani mai aikin wutar hasken rana kuma ya duba lissafin batir.

Assalamu alaikum. Na ji a rediyo wai nan gaba likita zai riƙa duba mutum ta salula. Ni abin da na sani, likita sai ya taɓa ka, ya sa maka abin sauraro a ƙirji. Wanda bai taɓa ka ba ta yaya zai san ciwonka? Ko dai hanyar sallamar mu mutanen daji ce?
*Wani dattijo makiyayi, daga arewacin Tanut*

Wa alaikumus salam, Baba. Da gaskiyarka, ciwo da yawa sai an taɓa. A wannan tsari ma ana taɓa ka, sai dai hannun na majo ne. Shi zai auna zafin jikinka da hawan jini, ya danna ciki, ya saurari ƙirji, ya rubuta abin da ya ji ya tura. Likitan da ke nesa ya haɗa wannan da saninsa ya ce a yi kaza, ko a ƙara gwada kaza, ko kuwa a sa ka a mota yanzu.

Dalilin da ya sa ake neman wannan hanya a fili yake. A Nijar likita ɗaya ba ya samuwa ko ga mutum 20,000, kuma ƙwararrun fanni, irin masu zuciya, fata, ƙashi da karanta hoton ƙirji, mafi yawansu suna Yamai, wajen kilomita 900 daga nan Damagaram. Kaɗan ne a babban asibitin ƙasa na Damagaram da cibiyar uwa da yaro. A ƙasa da su akwai asibitocin gundumomi, sai cibiyoyin lafiya na CSI da majo ke riƙewa, sai ƴan ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye. Jami'ar André Salifou tana yaye likitoci, amma kafin ɗalibi ya fita sai ya share shekara bakwai ko fiye. Mutumin Tesker ko Belbeji da ke kwance yau ba zai jira wannan ba.

Abin ba sabo ba ne. Tsarin RAFT na duba mara lafiya daga nesa, wanda asibitin jami'ar Janeba ya fara da ƙasar Mali a 2001, ya bazu ƙasashen Afirka masu Faransanci har da Nijar. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ma tun 2010 take da nata, inda ma'aikacin karkara ke rubuta bayanin mara lafiya ƙwararre ya amsa daga wata ƙasa.

Inda ya fi amfani shi ne ciwon da ido ke iya yanke hukunci a kansa: ƙuraje da gyambo, hoton ƙirji, takardar awon zuciya, daidaita maganin hawan jini da na ciwon sukari, da ciwon noma mai cin baki da kuncin yara, wanda idan an gane shi tun yana dasashi magani ke tsayar da shi. Inda ba ya maye komai kuwa shi ne fiɗa, ƙarin jini, ɗorin karaya mai rauni a buɗe, da haihuwar da ta gagara. A nan iyakar abin da salula ke yi shi ne ta sa a tashi da wuri, kuma a tarar an shirya. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke da tafiyar rabin yini a cikin rairayi.

Ni majo ne. Ina tura wa likitan gunduma saƙo da hoto, amma maimakon amsa sai tambayoyi su dawo mini: shekarunsa nawa, nauyinsa nawa, me ka ba shi. Kafin mu gama kai da kawo rezo ya ɗauke, dare ya yi. Me ya kamata in tura tun farko?
*Wani majo, daga karkarar Magarya*

Majo, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wasiƙun nan, don a nan yawancin aikin ke lalacewa. Saƙon da ke cewa "ga yaro ba lafiya, a duba" da hoto ɗaya a ƙasansa, ko wane irin ƙwararre ne ba zai iya komai da shi ba. Ka rubuta komai a takarda tukuna, ka gama, sannan ka tura a dunƙule, ta yadda ko rezo ya tafi bayan minti ɗaya likita na da abin aiki.

Ka fara da tambayarka, a layin farko. "In riƙe shi ko in turo?" "In canja magani?" "Wannan hoton tarin fuka ne?" Likitan da ya san abin da kake nema ya fi saurin karanta saura. Bayan nan lambar mara lafiya ta rajista, shekaru, namiji ko mace, da nauyi a kilo, wanda ka ɗora shi a sikeli yau, don maganin yara duk da nauyi ake lissafa shi. Sai abin da ya kawo shi da kwana nawa ya yi. Sai awo, da lokacin da aka yi shi: zafin jiki, bugun zuciya, numfashi a minti ɗaya cikakke, hawan jini, iskar jini idan kana da abin matse yatsa, sukarin jini, gwajin zazzaɓin cizon sauro, yawan jini idan kana da injinsa, da awon dantse ga yaro.

Lambobi muke so. "Yana numfashi da sauri" kowa da yadda zai fahimce shi. Amma idan ka rubuta 58 ga ɗan wata 8, likita ya san ya haura iyakar 50 ta ƴan wata 2 zuwa 11. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5 iyakar 40 ce, ga jaririn da bai kai wata 2 ba 60. Iskar jini ƙasa da 90 na nufin yaron na bukatar iska. Dantse ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani, kuma wannan kaɗai na canja yadda za a ba shi ruwa, domin yaron tamowa idan aka sakar masa ƙarin ruwa kamar na sauran yara zuciyarsa na iya kasawa.

Ka faɗi abin da aka riga aka ba shi, da yawansa da lokacinsa, har da na gida: jiƙo, rubutu, ƙwayoyin ƴan tebur, allurar da aka yi masa a wani wuri. Uwa ba za ta faɗa ba idan ka tambaya da faɗa, ka tambaya a hankali. A ƙarshe, abin da mutane ke mantawa: ka rubuta abin da ke hannunka. Idan ba ka da iska, ba ka da allurar seftiriyakzon, motar gunduma kuma ta fita, ka faɗa. In ba haka ba za a rubuto maka shawarar asibitin birni, ka karanta ka ajiye.

Batun hoto kuma. Ka goge gilashin kamara da farko, don ƙurar hunturu da maiƙon hannu su ne ke sa hoto ya fito da hazo. Ka fito da mara lafiya bakin ƙofa ko inuwar baranda inda hasken rana ke isa ba tare da ya haske shi kai tsaye ba, ka kashe filashi, domin a baƙar fata filashi ƙyalli yake yi ya shafe ƙurjin. Hoto uku: ɗaya daga nesa a ga wace gaɓa ce, ɗaya kusa, ɗaya dab da wurin da ma'auni a gefe. Idan babu rula, tsabar dala ashirin ta isa a gane girman. Ga numfashi ko jijjiga, bidiyon daƙiƙa 30 ya fi hoto goma: a ɗage riga, yaro na kwance a cinyar uwarsa ba ya kuka, a ɗauka daga gefe don a ga ko ƙasan haƙarƙari na shiga ciki.

Hoton ƙirji na fim a ɗora shi kan akwatin haske, a kashe wutar ɗaki, a rufe gefen akwatin da fim bai cika ba da kwali, in ba haka ba hasken gefe zai sa huhun ya fito baƙi ƙirin. A riƙe salula sambal a gaban fim, tazarar kamar rabin mita, kada a karkata, kada a jawo da yatsa. Alamar D ko G, wato dama ko hagu, ta fito, sunan mara lafiya kuwa a rufe shi. Idan ta WhatsApp za a tura, a tura a matsayin takarda, domin idan aka tura a matsayin hoto manhajar na matse shi, ƙananan ɗigon da ake nema a huhu su ɓace. Takardar awon zuciya ma a ɗauka duka, layuka 12, da rubutun ƙasa mai nuna gudun takarda milimita 25 a daƙiƙa. Idan layin farko ya fito a kife, kafin ka tsorata ka duba ko an musanya wayar hannun dama da ta hagu.

Idan amsa ta zo, ka kwafe ta cikin rajista da sunan likitan da lokaci. Bayan kwana biyu ka koma ka gaya masa yadda aka ƙare, ko an warke ko an rasa. Likitan da ba ya jin ƙarshen labari, a hankali yake daina ɗaukar saƙo da muhimmanci, kai ma a wannan bayanin ne za ka riƙa ƙaruwa.

Da dare aka kawo mini mai ciki wata tara tana jijjiga, hawan jininta 170 bisa 115. Na tura saƙo ban sami amsa ba sai bayan awa biyu. A irin wannan in jira izinin likita ne kafin in yi allura?
*Wata ungozoma, daga gundumar Gure*

Malama, kada ki jira, ko minti ɗaya. Jijjigar masu ciki da zubar jini bayan haihuwa ba a tura musu saƙo a zauna. Ki fara magani, sannan ki kira da murya, ko ki sa wani ya kira hannunki na aiki.

Ki kwantar da ita a gefen hagu, ki kula da hanyar numfashi. Maganin shi ne magneziyom salfet: giram 4 ta jijiya a hankali, sannan giram 5 a kowane ɗuwawu, jimla 14. Bayan nan giram 5 duk awa 4, amma kafin kowace allura ki duba abu uku: numfashi ya kai 16 a minti, gwiwa na zabura idan an buga, fitsari na fita aƙalla mililita 30 a awa. Idan ɗaya ya kasa, ki dakata. Kalsiyom gulukonat giram 1 shi ne makarinsa, ya kasance kusa da hannu. Hawan jini daga 160 bisa 110 zuwa sama na bukatar maganin saukarwa bisa ƙa'idar ma'aikatar lafiya da ke hannunku.

Ga zubar jini, ki murza mahaifa, ki yi oksitosin awo 10, ki sa robar fitsari, ki buɗe jijiya da babbar allura. Idan kuna da taranekzamik, giram 1 ta jijiya cikin minti 10, kafin awa 3 da haihuwa. Misofurostol, balan-balan ta cikin mahaifa da rigar matse jiki su ne matakan da Nijar ta shimfiɗa wa ɗakunan haihuwa, ki bi su a jere. Ki tuna oksitosin sanyi yake so, tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ya yi watanni a kan tebur a zafin bazara yana iya rasa ƙarfinsa, ki yi allurar jini ya ƙi tsayawa.

Amfanin kiran shi ne abin da zai faru can: a tada mai sa barci da mai fiɗa, a nemi jini, a turo mota. Ki faɗi lokacin da kika yi magneziyom da yawansa, ki kuma rubuta a takardar da za ta bi ta, don kada a maimaita mata allurar farko idan ta isa. Jinkirin awa biyu kuwa ba laifinki ba ne, alama ce cewa babu lambar gaggawa da aka ware. Ki kai maganar taron gunduma: a samar da salula ɗaya ta gadi, mai yawo daga hannun likitan dare zuwa na gobe, wadda ake kira ba a rubuta mata.

Ina cikin kwamitin kula da gidan likitan garinmu. Ƴan garinmu mazauna waje sun yi karo-karo suna son saya mana kaya, wasu na cewa babban talabijin da kamara. Ba mu da kuran, rezo kuma sai an hau tudu. Me za mu saya?
*Wani ɗan kwamiti, daga gundumar Dungas*

Malam, Allah ya saka wa masu karo-karon. Ku bar babban talabijin. Magana ta bidiyo kai tsaye na bukatar rezo mai ƙarfi ba yankewa, tana cin wajen mega 300 a awa, kuma sai an dace likita da majo da mara lafiya duk sun sami lokaci ɗaya. Saƙon rubutu da hotuna uku bai wuce mega 10 ba, yana jira a salula har rezo ya dawo ya fice da kansa. A karkararmu wannan hanyar ta tura-ka-jira ita ce ke ɗorewa.

Ku fara da kayan awo, don in babu su babu abin turawa: abin awon hawan jini mai ɗamara ta manya da ta yara, abin awon zafi, abin matse yatsa mai kan da ya dace da jarirai, injin sukari da tsinkensa, sikelin manya da na jarirai, agogo mai daƙiƙa, tocila mai kyau don duba maƙogwaro. Bayan mashaƙon da jihar nan ta gani a 2023, babu majon da zai raina duba maƙogwaro. Sai salula ko tabilet mai kamara mai kyau, ta gidan likita, ba ta majo ba, don ranar da aka yi masa canjin wuri kada ya tafi da komai.

Rezo kuma, kafin ku kashe ko dala, ku zagaya harabar da layukan Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms, da safe, da rana, da dare, ku ga wanne ke kamawa kuma a wace kusurwa. Ku riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Idan sai a tudu yake kamawa, eriya ta waje a kan ƙarfe mai tsawon mita 6 zuwa 10, an fuskantar da ita wajen hasumiyar kamfani, da ƙaramin akwatin rezo a ɗaki, sau da yawa ta wadatar. A sa mata wayar ƙasa saboda tsawa.

Ga lissafin wuta na yini ɗaya, da wat-awa, wato wat sau awa. Akwatin rezo wat 10 awa 24, 240 ke nan. Ƙwan fitila biyu na wat 10 awa 6, 120. Tabilet da salula biyu, kamar 70. Kwamfutar cinya wat 50 awa 3, 150. Jimla kusan 600. Batir na dalma mai bolt 12 da amfiya 100 na ɗaukar 1,200, amma rabi kawai ake ci idan ana son ya yi rai, wato 600 cif. Saboda haka ɗaya bai isa ba, ranar da hazo ya rufe za ku kwana a duhu. Ku sayi biyu. Fano, wato faifan hasken rana, mai wat 200 na ba da kamar 700 a yini idan an cire asara, mu dai mun fi son ku kai 300. A fuskantar da shi kudu, a ɗan jingine kamar digiri 15, a riƙa share shi da sassafe da tsumma mai laushi, a hunturu ko sau biyu a mako. Intanet na tauraron ɗan'adam irin Starlink yana magance matsalar rezo, amma babban kwanonsa idan ya kwana a kunne shi kaɗai ya fi duk wannan lissafin cin wuta, ga kuɗin wata. Sai kun san mai biya na shekara biyu kafin ku shiga.

Abin da ke kashe irin waɗannan kaya guda uku ne, kuma kusan kullum su ne. Zafi: batir na dalma, duk ƙarin digiri 10 bisa 25 na rage rabin rayuwarsa, don haka kada a ajiye shi a ɗakin kwano mara taga, a ɗora shi kan katako inda iska ke ratsawa. Cajin jama'a: da zarar gari ya ji akwai wuta sai salula talatin su taru, batir ya mutu cikin watanni. Ku yanke doka tun ranar farko, maigari ya sanar da bakinsa. Na uku, kuɗin mega: ana sayen kaya a manta da shi, wata na uku layi ya mutu. Ku ware shi cikin kasafin kwamiti kamar yadda kuke ware na man mota. Kuma kada kowa ya jona komai a wutar firjin rigakafi.

Ƙanwata na da ciwo a nono, majo ya ce zai ɗauki hoto ya tura. Mijinta ya ƙi, ya ce hoton zai yawo a salular mutane. Yana da hujja?
*Wata Hajiya, daga unguwar Birni*

Hajiya, tsoronsa na kan hanya, amma ƙin nasa na iya jawo asara, domin ciwon nono ba ya son jinkiri. Ga haƙƙinta. Sai da yardarta ake ɗaukar hoto, ita kanta, bayan an gaya mata wa zai gani da dalili. Tana iya cewa mace ta ɗauka, ungozoma ko wata ma'aikaciya. A rufe ko'ina da zane sai wurin ciwon, fuska kada ta fito, haka sarƙa, lalle ko tabon da za a gane ta da shi. Ba a rubuta suna, lamba ake sawa. A tura wa likita ɗaya, kada a jefa a zauren WhatsApp mai mutum hamsin, kuma a goge daga salula bayan an shigar da amsa a rajista. Tana iya cewa a goge a gabanta.

Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, sirrin mara lafiya kuma wajibi ne a kan kowane ma'aikacin lafiya. Idan duk da haka hankalinsu bai kwanta ba, majo na iya bayyana ciwon da rubutu: girmansa a santimita, taurinsa, ko yana motsi, ko fata ta canja, ko akwai kaluluwa a hammata. Ƙullutu mai tauri a nono dai ƙarshensa sai an je an duba da hannu an ɗebi ɗan nama an gwada, don haka ku fara shirin zuwa tun yanzu.

Ni likita ne a asibitin gunduma, mu biyu ne. Salulata ba ta hutawa da saƙonnin majo-majo, har ƙarfe ukun dare. Idan na ba da shawara aka sami matsala, wa ke da alhaki? Kuma ni wa zan tambaya?
*Wani matashin likita*

Dokta, abin da kake bayyanawa shi ne yadda tsarin ke mutuwa: an ɗora shi kan kirkin mutum ɗaya. Duba daga nesa ba ya ƙara yawan likitoci ko da ɗaya, lokacinku ne ake rabawa, kuma lokacin da ba a rubuta a jadawali ba daga barcinka ake cire shi.

Ka nemi shugaban gundumar lafiya ku raba saƙonni kashi biyu a rubuce. Na gaggawa kira ne zuwa salular gadi, a ɗauka nan take. Saura a amsa cikin awa 24, a lokacin da aka ware, misali awa ɗaya bayan zagayen safe. Ku buga takardar cikewa guda ɗaya irin wadda muka zayyana wa majo a sama, ku raba wa kowace CSI, wanda ya turo babu ita a mayar masa cikin ladabi. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓi da tamowa ke cika ɗakunan yara, saƙonni za su ninka, don haka kafin damina ku tara majo-majo ku maimaita abin da ba ya bukatar tambaya: allurar artesunat ta farko kafin turowa, miligiram 2.4 kowane kilo, 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, da ba da sukari ga yaron da ya suma. Duk tambayar da ta maimaitu sau uku daga wurare daban-daban, darasi ce ta taron wata.

Batun alhaki, yadda aikin ya gada shi ne wanda ke gaban mara lafiya na ɗauke da nauyin abin da ya gani da abin da ya yi, kai kuma na shawarar da ka bayar bisa abin da aka gaya maka. Kariyarka rubutu ce. Ka buɗe rajista: lokaci, wanda ya tambaya, abin da ya faɗa, abin da ka ce. Shawarar da ka bayar ta murya ka bi ta da gajeren saƙo. Idan bayani bai isa ba ka rubuta hakan ƙarara, ka ce a turo. Ciwon ciki mai tauri da zazzaɓi na kwanaki, wanda zai iya zama hujewar hanji, da wuya mai sanƙarewa a lokacin zafi, kada ka taɓa riƙe su a ƙauye bisa hoto.

Kai ma kana bukatar na sama da kai. Ka nemi a haɗa ka da mutum takamaimai a kowane fanni a Damagaram, mai yara, mai mata, mai fiɗa, mai karanta hoto, da yardar shugabanninsu, don ya zama aiki ne ba alfarma ba. Ma'aunin da za ka nuna wa na sama bayan wata shida mai sauƙi ne: saƙo nawa aka amsa cikin lokaci, mutum nawa aka hutar da tafiya, nawa aka turo da wuri. Da waɗannan lambobi ake neman kuɗin mega da ladan gadi.

Ina aiki a Agadas, mahaifiyata na ƙauye da hawan jini. In ta ji jiri sai in kira wani likita abokina ya faɗi magani in aika a saya. Hakan ya yi?
*Wani ɗan ci-rani, ɗan asalin Matamaye*

Ɗan'uwa, Allah ya yi albarka da kulawar, amma akwai haɗari. Jiri na zuwa idan jini ya hau, yana kuma zuwa idan ya sauka fiye da kima saboda magani ya yi yawa, ko rashin ruwa a jiki, ko ƙarancin jini. Abokinka ba shi da lambar da zai bambance su. Ka sa a kai Inna CSI mafi kusa a buɗe mata karne, wato littafin asibiti, a riƙa auna ta tana zaune bayan hutun minti 5, sau biyu, a rubuta da kwanan wata da sunan ƙwayar da take sha. Hoton wannan shafin za a tura wa likita, amsarsa kuma ta bi ta hannun majo, shi zai rubuta takardar magani a saya a farmasi. Idan bakinta ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, a nemi mota zuwa asibitin gunduma nan take, a kira ka daga hanya.